Kawu Labaran da Laftof Mai Nauyi

A Tudun Wadan Zariya akwai wani mutum da ake kira Malam Labaran mai injina. Rumfarsa tana bakin titi, cike da tsofaffin injinan niƙa da na ban-ruwa, kuma maganar gaskiya, a wannan fanni ba a ja da shi. In ya ɗaga inji ya ji nauyinsa, ya tayar ya saurari kukansa, zai gaya maka ko zai yi ƙarko, kuma haka za a yi. Matsalarsa guda ce: ya ɗauka wanda ya san inji ya san komai. Ka tambaye shi maganin ciwon haƙori, zai ba ka. Ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa zuwa ba, zai kwatanta maka har da inda za ka sha kwana. Shi kuwa ba a taɓa jin ya tambayi kowa komai ba.

Yana da yaya mai suna Atika, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda, Bahijja. Yarinyar nan akwai kai. Tun tana sakandare take koyon rubuta manhajar kwamfuta a laftof ɗin ƙawarta Suzana. Sai ga wata cibiyar kwamfuta a unguwar Hanwa ta yi shelar za ta ɗauki ɗalibai kaɗan ta koyar da su kyauta. Sharaɗin shi ne kowa ya zo da laftof, ya rubuta ƙaramar manhaja a gaban malamai, ya nuna tana aiki. Wanda ya faɗi, sai baɗi.

Atika ta sayar da 'yan kunnenta na zinari, ta kira ƙanenta ta damƙa masa kuɗin. A ganinta sayen na'ura aikin maza ne, kuma ga masanin na'ura a gida.

Bahijja ta durƙusa ta ce, "Kawu, da ka bari na raka ka. Mai sauri nake buƙata, mai wadatar ƙwaƙwalwa, wadda batirinta yake jimawa. Ba sai babba ba." Sai ta rage murya. "In kuma za ta ɗauki ɗan wasan tseren mota, da na ji daɗi."

Labaran ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ji 'yar nan! Ni za ki koya wa sayen ƙarfe? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Zauna kawai, za ki ga kaya."

Ya hau babur sai unguwar Kwangila, shagon wani saurayi ɗan Wusasa mai suna Eric, wanda aka sani da gaskiya a ciniki. Eric ya ji bayani, ya ɗauko wata siririyar laftof ya ce, "Baba, ga wadda ta dace. Za ta yi karatun, za ta ɗauki wasan, batirinta kuma yana kai yamma."

Labaran ya ɗora ta a tafin hannu, ya jinjina, ya taɓe baki. "Wannan ai faifai ne. Iska ta taso sai a bi ta da gudu. Kunna in ji."

Eric ya kunna. Labaran ya kara kunne, bai ji komai ba.

"Ta mutu?"

"Tana aiki, Baba. Haka take, ba ta ƙara."

"Injin da ba ya kuka ai gawa ne, ɗana."

Yana cikin waige-waige sai idonsa ya faɗa kan wata baƙar laftof a can ƙasan kanta, mai kauri kamar dutsen niƙa. Ya sunkuya ya ɗauko, sai da ya yi nishi. Nan take fuskarsa ta washe.

Eric ya ce, "A'a, Baba, wannan ba ta sayarwa ba ce. Tsohuwa ce tukuf. Na ajiye ta ne in riƙa cire kayan gyara."

To, a nan aka samu matsala. Wannan magana ita ce daidai wadda Labaran yake faɗa a rumfarsa in yana ɓoye inji mai kyau don wani babban mai saye. Ya dubi Eric ya yi murmushi, a ransa yana cewa, kifi na ganinka mai jar koma.

"Wa ka ajiye wa ita?"

"Wallahi ba kowa, Baba."

"Kunna."

Eric ya jona ta da wuta. Ta yi shiru kamar tana shawara, sannan fankarta ta saki wani gurnani, iska mai zafi ta buso ta gefe. Labaran ya lumshe ido don daɗi. "Ka ji murya! Wannan ita ce mai rai."

Eric ya yi rantsuwa, ya yi magiya. Ya ce batirin ya mutu, ya ce saurinta bai kai na hawainiya ba, ya ce a kira yarinyar a waya ta faɗi da bakinta. Duk kushen da ya yi, sai ya ƙara wa Labaran tabbaci, don a iliminsa mai kaya ba ya kushe kayansa sai in ya yi wa wani alkawari. Da Eric ya gaji, ya sallama ta da araha, ya ce, "In ba ta yi ba, don Allah a dawo da ita a ɗauki waccan."

"In dawo maka da ita? Ka makara, yaro."

Sauran kuɗin kuwa Labaran bai bar su sun huta ba. Ya shiga shagon gaba ya sayi manyan sifiku biyu da wata jibgegiyar jaka, duk sai da ya jinjina su kafin ya biya.

A gida aka shimfiɗa tabarma aka kunna. Atika ta ɗora ruwan shayi, ruwa ya tafasa, aka sha, sannan allon ya gama buɗewa. Bahijja ta sa wasan tseren mota. Motar ta yi gaba kaɗan ta tsaya, ta yi tsalle ta sake tsayawa, kamar amalanke a cikin taɓo.

"Kin gani?" in ji Labaran. "Mota mai hankali, ba ganganci."

Idon Bahijja ya ciko. Ta ce a hankali, "Kawu, ko za a mayar a canzo? Ba za ta yi jarrabawar ba."

"Sabuwar hannu ce, za ta saba."

"To bari in ari ta Suzana ranar kawai."

Nan ransa ya ɓaci. "Aro? Ina raye 'yar yayata ta je gaban mutane da kayan aro? A ce Labaran ya kasa?"

Atika ta ce, "Ke Bahijja, kawunki ya fi ki sani. Yi shiru." Yarinya ta yi shiru, don ba a yi mata tarbiyyar musu da manya ba.

Ranar jarrabawa Labaran ya rufe rumfa, ya sa babbar riga, ya kai Bahijja Hanwa da kansa. Ya tsaya a bakin taga tare da sauran iyaye. Ɗalibai suka buɗe laftof ɗinsu suka duƙufa. Ta Bahijja ta fara gurnani, har mai kula da jarrabawa ya ɗaga kai yana neman wanda ya shigo da janareto. Labaran ya taɓo mutumin da ke kusa da shi ya ce, "Ka ji wannan? Tamu ce."

Sa'ad da allon ya buɗe, wasu sun yi nisa. Bahijja ba ta karaya ba. Yatsunta suka hau gudu, Labaran yana gani tana cim musu, yana ta gyara riga. Sai aka ɗauke wuta. Sauran laftof ɗin ko gezau, suka ci gaba da batir. Baƙar nan kuwa ta yi ɗif, duk abin da yarinyar ta rubuta ya tafi.

Aka tayar da janareto. Baƙa ta sake shiga shawararta tun daga farko. Bahijja ta sake rubutawa, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ta gama, ta danna don manhajar ta tashi, na'ura ta tsaya tunani. Tana cikin tunanin aka ce kowa ya ɗaga hannu. Malamai suka zagayo, suka dubi allon da bai nuna komai ba, suka wuce.

Mutumin da Labaran ya taɓo ɗazu ya juyo ya ce, "Malam, ka ce taku ce ko?" Labaran ya kau da kai ya nufi babur ɗinsa.

A hanyar komawa Bahijja tana bayan babur rungume da jakar. Suna shiga gida Atika ta taso da sauri, hannunta duk gari.

"Yaya aka yi? An ɗauke ki?"

Bahijja ta dubi kawunta, ta ga yadda ya sunkuyar da kai, babbar rigar nan ta yi masa yawa. Ta haɗiye kuka ta ce, "Ba a ɗauke ni ba, Inna. Ni ce ban iya ba. Tambayar ta fi ƙarfina."

Wannan magana ta soki Labaran fiye da zagi. Yarinyar da ya hana magana, ya hana aro, ya jawo wa asarar shekara, ita ce take ɗora wa kanta laifi don ta rufa masa asiri. Kunya ta kama shi, ya zauna a kan turmi.

"Ba haka ba ne, Yaya," in ji shi. "Ta iya. Sau biyu ta rubuta, da idona na gani. Ni ne na kayar da ita."

Atika ta dube shi. Sannan ta jawo 'yarta ta rungume, ta ce, "Laftof dai ana canzawa, Labaran. Shekarar fa, a wane shago za ka canzo mata?"

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta a fanni guda ba ta mai da mutum masanin komai. Mudun da kake auna sana'arka da shi ba lalle ne ya auna ta wani ba. In aka ba ka amanar zaɓa wa wani abu, ka saurari mai amfani da shi ko da yaro ne, ka kuma saurari wanda ya san kayan, domin matambayi ba ya ɓata. Girman kai kuwa mugun ciniki ne, sau da yawa mai shi yake saye, amma wanda bai ji ba bai gani ba shi yake biya.