Kwanan Watan da Malam Sabitu Ya Gani Ya Yi Shiru

Akwai wani mutum a Hindawiyya, a nan Makka, ana ce masa Malam Sabitu. Tun kafin in bar unguwar nan shi ke cike wa 'ya'yan Hausawa takardun neman jami'a, da na dawo kuma na tarar da shi a kan kujerarsa, ya ƙara furfura, ya ƙara jin kai.

Abokinsa Wada direban tasi ne. 'Yarsa Kausar ba ta san aji ba sai ranar jarrabawa, mahaifiyarta Sa'adatu ce ta koyar da ita a gida. Shi kuwa Sabitu makarantar 'yan gata ta unguwar Rusaifa ya sa ɗansa Abdulilah, kuma babu majalisar da bai faɗi haka ba.

Da sakamako ya fito, Kausar ta ci casa'in da bakwai, Abdulilah tamanin da huɗu.

Wada ya kawo takardun 'yarsa yana washe baki.

"Abu Abdulilah, ka ga karatun tsakar ɗakin da kake yi wa dariya?"

"Mabruk, barka," in ji Sabitu, ko ɗago kai bai yi ba. "Amma jami'a ba kicin ɗin Sa'adatu ba ce."

Yana buɗe takardun ya ga matsala. Ranar haihuwar Kausar a iƙama, katin izinin zama, da lissafin Hijira take, a fasfo da na Miladiyya, kuma wanda ya juya lissafin tun tana jaririya ya yi kuskuren wata guda. Sabitu ya san in ranakun biyu suka saɓa, ana watsar da takarda. Ya san kuma gyaran yakan ci mako biyu, ga shi saura mako uku a rufe.

Ya tuna casa'in da bakwai. Sai ya rufe fayil ɗin.

"Komai daidai ne. Ga kwafin na Abdulilah, ta duba ta ga yadda ake cikewa."

Abin da bai sani ba, Sa'adatu ta saba sa 'yarta rubuta kwanan wata iri biyu a saman kowane shafi, tun tana 'yar shekara bakwai. Ranar nan Kausar ta gano kuskuren, washegari suka fara bin gyara.

Bayan kwana biyu ta zo ƙofar Sabitu da takarda a ninke.

"Ya ammi, baffana, minti ɗaya kawai. Akwai abin da nake so ka gani."

Sabitu ya ɗauka ta gane abin da ya ɓoye.

"Halas, shi ke nan, na gama da naku. Ina da mutane."

Ta sake dawowa da mahaifinta ranar Juma'a. Ya leƙo ta taga, ya ce a ce musu ya tafi Masallacin Harami. Wada ya kira shi sau huɗu, bai ɗauka ba.

Aka rufe karɓar takardu. Da sunaye suka fito, Kausar ta samu gurbin haɗa magunguna. Na Abdulilah kuwa layi ɗaya aka rubuto: bayanai sun saɓa. Tun farko Sabitu ya yi rantsuwa in yaron bai samu gurbi bana ba, Sakkwato zai tura shi wurin dangin da bai taɓa gani ba.

Wada ya same shi bayan La'asar, ya ajiye masa takardar nan a gwiwa. Kwafin na Abdulilah ne, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin ranar haihuwa. A gefe Kausar ta rubuta: "Ammi, nasa ma ya saɓa da kwana tara. A gyara kafin ashirin ga wata."

"Wannan ta yi ta kawo maka," in ji Wada.

Abdulilah ya karɓa ya karanta, ya dubi ubansa.

"Baba, kai da kake duba na kowa, nawa fa?"

Sabitu ya karɓi takardar daga hannun ɗansa, ya bi jan layin da ido.

Darasi: In hassada ta kama idonka, a kan takardar ɗan wani za ta tsayar da shi, ka manta da ta ɗanka. Wanda kake ƙyashi wataƙila shi ne yake tsaye a ƙofarka da mafita. Ku tura wa iyayen da ke shirin cike wa 'ya'yansu takardu bana.