Takalmin da Malam Ya Kife

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, ma'abocin zuhudu da tsantseni, wanda na shafe shekara talatin ina ɗaukar karatu a zaurensa da ke Ƙofar Atiku ban taɓa jin ya ɗaga murya ga babba ko yaro ba. Karamominsa suna da yawa, amma wadda zan faɗa a gidana ta faru, kuma ni Attahiru ni ne mai laifi a cikinta, don haka babu mai cewa ji na yi.

Ina da jika, Khaula, ɗiyar ɗana Ɗayyabu, 'yar shekara shida, wadda nake kira uwargida saboda wasan kaka da jika. Bayan ƙaramar Sallah sai yarinyar nan ta fara ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa, tana ɗaga kafaɗa, tana gyaran murya kamar liman zai hau mumbari. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne takalma: ba ta cin abinci sai ta zagaye gida ta tabbatar babu wanda ke kife, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa ta duba, har makaranta ta soma gagararta. Ubanta ya yi faɗa, abin ya ƙaru. Maƙwabtanmu a Mabera suka ce iska ce. Uwarta Hajara kuwa, ga tsohon ciki ga damuwa, in ta tambaye ta dalili sai yarinya ta ƙanƙame ta ta yi ta kuka. Wallahi na ji tausayinsu ƙwarai.

Sai na ɗauke ta muka tafi wurin Malam bayan la'asar, na kuwa manta cewa ƙofar zaurensa ba ta rasa takalmi ɗari. Ai kuwa uwargida ta ga aiki! Ta ƙi shiga, ta durƙusa tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin ja-in-ja sai ga bawan Allah ya dakatar da karatu ya fito da kansa, ya tsuguna daidai tsayinta, ya ce cikin sanyin murya, “Ɗiyata, Allah ka tsaron inna, ba takalmi ba.”

Yarinya ta zuba masa ido. Sa'an nan ya waiwayo gare ni yana murmushi ya ce, “Malam Attahiru, maganar da kay yi ƙarƙashin dogonyaro ranar Sallah, taho ka janye abinka.”

Subhanallahi! Nan take na tuna. Ranar Sallah ta tuɓe sabon takalminta da gudu, ɗaya ya kife, ni kuma da tsokanata na ce mata mai barin takalmi a kife innarta ba ta kai baɗi. Daga ni sai ita a wurin, kuma kafin in tashi na manta, ashe wata biyu baiwar Allah tana gadin ran uwarta ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Na durƙusa gaban ɗalibai da furfurata na ce, “Uwargida, ƙarya niy yi, ki gafarce ni.” Ta harare ni, na san kuma na ci hararar.

Malam ya sa hannu ya kife takalminsa ya ce, “Wanga nawa ne, ki bar shi hakanan. Gobe ki taho ki gaya mini yadda inna ta kwana.” Ta yi ta waige har muka sha kwana, amma ba ta taɓa shi ba. Washegari ta ce, “Lahiya lau ta kwana, har tuwo ta ci malmala biyu.” Malam ya yi dariya, ya kife guda biyu. Kafin mako ya zagayo manyan ɗalibai masu rawani suna rige-rigen kife nasu.

Game da ƙifta ido kuwa ya ce mana, “Ku bar kallonta, ku bar ce mata daina, ba da gangan ba ne. Ku kai ta ga likitan yara, Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani.” Muka kai ta, likita ya duba ta, ya ɗora a kan abin da Malam ya faɗa. A hankali abin ya lafa. In ta gaji yakan ɗan leƙo, mu kuma mu kau da kai.

Da Hajara ta sauka lafiya, ranar suna takalman mata suka yi tuli a ƙofar ɗaki, wasu bisa wasu, rabinsu a kife. Ina zaune na ga Khaula ta taho da gudu riƙe da kwanon masa, ta dubi tulin nan, ta tsallake shi, ta faɗa ɗaki tana kiran innarta. Ni dai na sa gefen rawani na share idona.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke sanar da bayinSa na ƙwarai abin da ke ɓoye a zuciyar ƙaramin yaro. Allah Ya ƙara wa Malam ɗaukaka, Ya ba mu albarkacinsa mu da zuriyarmu, Ya kuma tsare harsunan tsofaffi irina daga wasan da ba su auna ba. Amin.