Kurangar da Ba Ta Taɓa Jin Ƙishi Ba

Akwai wani mutum mai gona a cikin kwari, a bakin kogi, inda zafi ba ya tsanani, sanyi ma ba ya cutarwa. Da mahaifinsa ya rasu, ya bar masa reshe ɗaya na kurangar inabi, irin da babu shi ko'ina a kwarin. Mutumin ya dasa shi, ya kafa masa rumfa, yana ji da shi kamar ɗan fari.

To, al'adar manoman kwarin ita ce, in dashe ya kama, sai a janye masa ruwa, a bar shi ya ji ƙishi. Shi kuwa mutumin nan zuciyarsa ta kasa. Da ya ga ganye ya ɗan yi yaushi, sai ya sungumi tulu ya nufi kogi. Safe ruwa, yamma ruwa.

Kawunsa, wani tsoho mai gona kusa da tasa, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Kai ɗan nan, inabi ka dasa ko shinkafa? Ƙyale ta ta nemi ruwa da kanta."

Ya ce, "Haba Kawu! Abin da Baba ya bar mini ke nan. Ina ji ina gani ta wahala?"

Tsohon ya girgiza kai, ya koma bakin aikinsa.

Kurangar kuwa ta yi ganye shar, ta lulluɓe rumfa, har mutumin yana tausaya wa kurangun Kawu.

Sai bazara ta zo, kogi ya janye can nesa, inda ƙafar tsoho irin Kawu ba ta kaiwa, zazzaɓi kuma ya kwantar da mutumin. Da ya ji sauƙi, ya dogara sanda ya tafi gona. Kurangun Kawu suna nan kore, ba wanda ya ba su ko ɗigo. Tasa kuwa ta bushe ƙayau. Ya kama gindinta ya ɗan ja, sai ga ta a hannunsa. Ashe saiwoyin duk a saman ƙasa suke kwance. Me zai kai su zurfi, tunda kullum ruwa yana zuwa musu daga sama?

Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, gama irin mahaifinsa ya ƙare a hannunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: kurangar nan bangaskiyarmu ce. Mukan yi addu'a mu ji shiru, sai mu fara gunaguni, mu ce Ubangiji ya manta da mu. Bai manta ba, 'yan'uwa. Shi Manomi ne da ya san aikinsa. A lokacin ƙishin nan ne saiwa take nutsawa, har ta kai ga ruwan da ba ya ƙafewa. Ku iyaye ma ku ji, ku da ba kwa barin ɗa ya ɗanɗani wuya ko kaɗan. Wata rana za ku kwanta, ba mai ɗaukar tulun.