Mama Lucy da Sunayen da Ba Ta Bari Suka Ɓace Ba

Akwai wata dattijuwa a Kuchigoro mai suna Mama Lucy, ɗaya daga cikin waɗanda rikici ya koro daga ƙasar Gwoza. Kunu take sayarwa a bakin titi. Ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Amma tana da wata ɗabi'a. Duk wanda ya gaya mata ɗan'uwansa ya ɓace a lokacin gudu, sai ta tambayi sunan, da na ubansa, da ƙauyensu, ta riƙe a ka. Kowace safiya a coci, in an zo addu'a, sai ta rufe ido ta shiga jero su ɗaya bayan ɗaya. Takan ce in tana kiransu, ganinsu take yi suna gangarowa daga kan duwatsun Gwoza cikin raɓar damina, kowa da ƙunshinsa a ka, ba mai gudu, ba mai waiwaye. Har da ɗanta Tawfiq, da ta haifa wa mijinta na fari.

Addu'ar takan yi tsawo, mutane su fara muskutawa.

Wata Lahadi, Dattijo Philip, babban ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya kuma shugaban kwamitin neman ɓatattu, ya tare ta a ƙofa.

"Mama, don Allah ki riƙa taƙaitawa. Wannan aiki na kwamfuta ne da ƙungiyoyi. Mun aika takardu ko'ina."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe. Zan riƙa yi a hankali."

Ba ta yi fushi ba. Ta koma kiransu a zuci, tana dama kunu, tana tace gasara, leɓenta na motsi. Shekara tara tana haka.

Ran nan ta je Masaka gaida wata mara lafiya, ta biya kasuwa sayen gero. Rana ta yi zafi, ta zauna a kan wani buhu, gyangyaɗi na ɗibarta. Hayaniyar kasuwa ta koma mata kamar ƙarar rafi daga nesa. Can sai ta ji wani mai baro ya ɗaga murya:

"Patricia Nathan! Ga kayanki!"

Ido a rufe, bakin Mama Lucy ya ƙarasa da kansa kamar yadda ya saba: "'Yar Nathan mai gyaran keke, ta Ngoshe. Ubangiji, ka dawo da ita."

Mudu ya suɓuce daga hannun mai sayar da geron, wadda ita ce aka kira, hatsi ya watse a ƙasa.

"Mama, wa ya gaya miki sana'ar babana? Ai ya rasu. An ce mini an gan shi kwance a hanyar dutse."

Mama Lucy ta buɗe ido, ta daɗe tana kallonta.

"'Yata, jiya ya sha kununa. Idonsa ne kawai ya mutu."

Patricia ko rumfa ba ta rufe ba. Suka shiga mota, tun daga Masaka har Kuchigoro tana riƙe da hannun tsohuwar kamar mai tsoron kada ta farka daga mafarki.

Suka tarar da Baba Nathan a gindin mangwaro, ya jingina da sandarsa. Patricia ta durƙusa a gabansa. Tsohon ya miƙa hannu, ya shafa goshinta, ya shafa kunnenta, yatsunsa suka tsaya a wani tsohon tabo. Sai ya ce:

"Patricia? Kin ci abinci kuwa?"

Babu wanda bai yi kuka ba a wurin.

Da labari ya kai wa Dattijo Philip, washegari ya zo da kansa. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma ƙasa da kujerarta.

"Mama, ki gafarta mini. Ki faɗa mini sunayen duka, in rubuta."

Ta ce, "Ai ba ni na yi ba, ɗana. Ni barci ma nake yi."

Suka yi har la'asar yana rubutu. Cikin wata shida, an haɗa gida huɗu da 'yan'uwansu. Nata ɗan har yau shiru. In an yi mata jaje, sai ta yi murmushi ta ce Ubangiji bai tashi daga aiki ba tukuna.

Darasi: Allah ba ya jiran mai digiri ko mai ofis kafin ya yi aikinsa. Sau da yawa ta hannun wanda muka ce ya yi shiru yake bi. Kada ka rena ƙaramin abin da kake yi da aminci, kada kuma ka rena mai yin sa. Tura wa wani da ya gaji da addu'a, wataƙila yau yake bukatar jin wannan.