Garin da Ruwa Ya Ci

Ku matso ku ji, amma fa ba mai tashi sai an yanke mini hukunci.

Barau mai zane ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon ƙauyukan mutane da allo da fenti. Ya zana masu huɗa, ya zana mata a masussuka, ya zana shanu suna cin kara bayan girbi. Garinsu kuwa, Tungar Marke, bai taɓa zana shi ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Gida ne fa, ina zai je?" Ashe zai je. Aka gina madatsar ruwa, aka tashi mutane, ruwa ya shanye garin har kan kuka. Barau ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani, kewa ta hana shi sakat. Ya ce ba zai bar duniya ba sai ya mayar wa mutanensa garinsu, ko a kan allo ne.

Da ya zauna aiki sai ya tarar ya manta garin. Yayarsa Tabawa, wadda ba ta taɓa kwana a wani gari ba sai da aka tashe su, ta zauna a gefensa tana faɗa. "Kai Barau, rumbun Baba a bayan tsamiya yake!" Ta bi da shi gida gida, gona gona, har turken akuyarsu.

Fentin kanti kuma ya ƙi ba da jan ƙasar garin. Amininsa Jatau masunci, da tsufansa, ya tuƙa kwalekwale zuwa inda garin yake, ya yi nutso, ya tono ƙasar daga ƙarƙashin laka. Da ƙyar aka farfaɗo da shi. Aka shanya ta, aka niƙa, aka kwaɓa da ƙaro.

Ana tsakiyar aiki idon ya rufe ruf. 'Yarsa Ladingo ta ajiye ɗinkin da take ci da shi, ta riƙe masa wuyan hannu har aka gama. "Baba, sassauta, nan ne bakin rijiya."

Mutanen Tungar Marke suka zo, kowa yana nuna ƙofar gidansu yana hawaye. Barau bai gani ba. Ya shafa allon, ya shinshina ƙasar, ya ce, "Na dawo gida. A ba wanda ya dawo da ni." Bai ga daminar shekarar ba.

To, allo ɗaya ne, kuma ba ya rabuwa. Tsakanin Tabawa da Jatau da Ladingo, a ɗakin wa za a rataye shi?