Baitin da Yaya Ya Rasa

Yayanmu mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai ya san da haka, kuma nan matsalar take. Tun muna yara ake ce masa Rumbu, don duk abin da ya shiga kansa ya zauna. Ko lambar motar da ta wuce jiya ce sai ya karanto maka, yana wani ɗaga kafaɗa.

Innarmu tela ce. Tana da waƙar da ta ƙirƙira da kanta, baiti shida, kowane ɗa da nasa. Takan rera ta tana taka keken ɗinki a bakin taga, mu kuma muna ƙasa muna tsintar ƙyallaye. Har yau in na ji ƙarar keke sai kewa ta kama ni.

Da ƙarfinta ya fara raguwa, na ce wa Yaya mu rubuta waƙar. Ya kwashe da dariya. "Ke da biro kamar tare aka haife ku! Tana nan cikin kaina."

Ni malamar makaranta ce, na san wannan ruɗin. Na ce, "Yaya, in Inna na rerawa kana bi, ai ita ke jan ka. Ɗalibaina ma in littafi na buɗe cewa suke sun iya. Sai na sa sun rufe, mako ya zagayo, na tambaye su, sannan nake sanin abin da ya zauna. Zo waje ka rero mini kai kaɗai."

"Ni za ki yi wa jarrabawa?" Ya zura takalmi ya fice. Ni ma da nawa sakacin, na ajiye biron.

Bayan rasuwar Inna, mu da ba mu yarda da kawunanmu ba, kowa yakan rera wa 'ya'yansa baitinsa don kada ya ɓace. Yaya bai taɓa ba. A ganinsa yana ajiye.

Shekara bakwai bayan nan muka taru a tsohon ɗakin Inna, kowa ya rera baitinsa. 'Yar Yaya ta yaye zanen da aka rufe keken da shi, ta ce, "Baba, kowa ya rera nasa. Saura kai."

Ya gyara murya. Sautin ya zo, kalmomin suka ƙi. Ya zauna ya taka keken ko ƙarar za ta jawo masa su, har gumi ya keto masa. Mu ma muka laluba, ba wanda ya riƙe baitin nasa.

"Baba, me Kaka ta ce a kanka?"

Ya daɗe yana shafa kan keken. "Ban sani ba," in ji shi, hawaye na zuba.

Darasi: jin cewa ka san abu ba shi ne riƙe shi ba. Abin da ba a fito da shi ana maimaitawa, a hankali yake dushewa. Ka gwada kanka tun wanda zai gyara maka yana raye, kada girman kai ya hana ka.