Hedimasta da Sakin Layi Mai Shafi Uku

Akwai wani hedimastan firamare da ya koma jami'a yin digiri na biyu bayan shekara ashirin yana shugabancin makaranta. Hutun karatun da aka ba shi saura mako biyu ya ƙare. In ba a sa wa kundinsa hannu ba, sai ya koma bakin aiki hannu rabbana.

Sau huɗu malamar da ke duba aikin, wata Dakta da ya isa ya haife ta, tana dawo masa da babi na biyu. Kullum maganarta ɗaya: sakin layinsa ba kai ba gindi. Shi kuwa gani yake raini ne. Mutumin da ya koyar da insha'i tun tana rarrafe!

A karo na biyar ya hau benen ofishinta da ƙyar, gwiwa na ciwo, ya zube a kujera.

"Dakta, na gaji wallahi. Ki faɗa min laifina kawai."

Ita ma a gajiye take, ga kundaye jibge a tebur. Ta ce, "Baba, karanta min jimlar farko ta kowane sakin layi. Ita kaɗai."

Ya gyara tabarau. "Kamar yadda kowa ya sani, ilimi abu ne mai muhimmanci." Ya juya shafi uku kafin ya kai na gaba. "Bugu da ƙari, masana sun yi bayanai da dama." Na uku kuma, "Har ila yau..."

Shi kansa bai gane abin da ya faɗa ba.

Dakta ta ce, "To me ka gano a bincikenka?"

"Yaran da ke tafiyar sama da awa ɗaya kafin su zo makaranta su suka fi barin karatu a aji huɗu."

"Ina ka rubuta shi?"

Sai da ya yi ta lalube kafin ya same shi, a ƙasan shafi na goma sha tara, tsakanin maganganun masana biyu.

Ta ce, "Wannan shi ne jimlarka ta farko. Hujja ta biyo, sannan ka ce me hujjar ta nuna. Da ka ji wata magana ta taso, ka buɗe mata nata sakin layin."

Kwana tara ya yi a teburin cin abinci yana yanka yana jerawa, matarsa na mitar an hana ta wurin ajiye kwano. Shafi sittin suka koma ashirin da shida. Kowane shafin da ya cire sai ya ji kamar haƙori aka cire masa.

Dakta ta karanta ba ta ɗago ba, ta jawo fom ta sa hannu.

Ya daɗe yana kallon sa hannun, sannan ya sauke numfashi.

"Ashe shekara ashirin malaman makarantata haƙuri kawai suke yi da ni a wurin mitin."

Darasi: Sakin layi ɗaya, magana ɗaya. Faɗe ta a farko, kawo hujja, ka yi bayani, ka tsaya. Kuma gyara ba raini ba ne, ko daga wa ya zo. Ku tura wa duk wanda kundi ya hana sakat.